TENDON A GIDAN ABINCIN JAFAN: INA HALAL TAKE, INA SHUBUHA TAKE?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa Musulmi da karatu ko kasuwanci ya kai su ƙasar Jafan sukan yi wa sabon zuwa wasiyya cewa: in ka shiga gidan abinci ka rasa abin ci, nemi abin teku, shi ba ruwansa da yanka. Wannan magana tana da asali a shari'a, sai dai ba ta cika ba. Domin a girkin Jafanawa sau da yawa matsalar ba a kifin take ba, tana cikin abin da aka zuba a kansa. Darasinmu na yau a kan abinci ɗaya ne da ake yawan kai baƙo ya ɗanɗana, wato TENDON. Wanda ya fahimci hukuncinsa zai iya yin ƙiyasin sauran abincinsu a kansa.

MENE NE TENDON?

Kalmar haɗi ce. "Ten" daga tempura, wato abin da aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya. "Don" daga donburi, wato kwano mai zurfi. Tendon kenan: farar shinkafa a kwano, a jera soyayyen abin teku da ganyayyaki a kanta, a kwarara wani baƙin romo mai zaƙi-zaƙi da gishiri-gishiri da suke kira "tare".

In ka zauna a gidan da suka ƙware a kansa, galibi a gabanka ake suyar. Ana dama fulawa da ruwan ƙanƙara da ƙwai, kuma ba a buga ƙullun kamar yadda ake buga na ƙosai, ɗan juyi kawai ake yi a bar shi da gudaji-gudaji, don kada ya yi danƙo. Sai a tsoma jatan lande a ciki a jefa a man da zafinsa ya kai maki 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas. Cikin ɗan lokaci ya fito da ɓawo siriri mai ƙaras-ƙaras, cikinsa kuwa da taushi, tururinsa ne ya dafa shi. Ban da jatan lande akan sa ika, wata dabbar teku marar ƙashi mai hannaye da yawa, da anago, wani dogon kifi mai siffar maciji, da yankan kabewa, da dankali, da gauta, da ɗanyen tattasai. A tsofaffin gidaje akan kawo kwanon da murfinsa, wutsiyar jatan lande ta leƙo waje, tururin shinkafa ya ɗan tausasa suyar, romon ya ratsa har ƙasa. A gefe kuma ga ƙaramin kofin miyar miso.

ƊAN TARIHI

Suyar nan ba a Jafan ta samo asali ba, bisa abin da ya shahara wurin masu tarihi. Turawan Fotugal sun fara sauka a tsibirin Tanegashima a 1543, daga baya suka yi kasuwa a Nagasaki, har aka kore su a 1639. Daga wurinsu aka ɗauki tsoma abu a ƙullu a soya. Hatta sunan, wasu suna mayar da shi ga kalmar Latin "tempora", wasu ranaku ne da Kiristoci 'yan Katolika suke ƙaurace wa nama su ci kifi da ganye. Wasu kuma suna mayar da shi ga kalmar Fotugal "tempero", wato kayan ɗanɗano.

Abin ya dace da Jafanawa, domin tun shekarar 675 Sarki Tenmu ya fitar da dokar taƙaita cin naman wasu dabbobi saboda tasirin addinin Buddha, kuma ƙyamar nama ta daɗe a cikinsu har Sarki Meiji ya ci shi a fili a 1872. Shi ya sa tempura ta asali kifi ce da ganye. Ta bunƙasa a birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo a yau, a rumfunan bakin hanya. Salon Edo da man riɗi ake soya shi, shi ke ba shi duhu da ƙamshi, kuma Jafan tana cikin manyan masu sayen riɗin da ake nomawa a Najeriya. Ɗora suyar a kan shinkafa kuwa ya zo ne a ƙarni na 19.

To, a kwanon nan akwai mas'aloli huɗu.

MAS'ALA TA ƊAYA: ABIN DA AKA SOYA

Wannan ita ce mafi sauƙi. A aya ta 96 ta Suratul Ma'ida Allah ya halatta mana farautar teku da abincinsa. Kuma Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, daga Abu Huraira (Allah ya ƙara masa yarda), cewa an tambayi Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) game da alwala da ruwan teku, sai ya tabbatar da tsarkin ruwan, ya ƙara da halaccin mushensa. Saboda haka abin teku ba ya buƙatar yanka, kuma ba a duba addinin wanda ya kamo shi. Masunci ɗan Buddha ne ko ɗan Shinto, kifinsa halal ne.

A mazhabar Malikiyya jatan lande da ika da anago duk sun halatta, haka yake a wurin Shafi'iyya da Hanabila. Hanafiyya su ne suka taƙaita halacci ga abin da ake kira kifi. Dogon kifi mai siffar maciji sun halatta shi, irin su ika sun hana, jatan lande kuwa malamansu sun yi saɓani a kansa: kifi ne ko ba kifi ba? Don haka in ka zauna da ɗan uwa daga Pakistan ko Bangaladash ka ga ya ture ika gefe, kada ka yi masa inkari, mazhabarsa yake bi. Shi ma bai kamata ya yi maka ba.

Abin kiyayewa a nan shi ne nama. Wasu gidajen suna soya kaza a ƙullun, sunanta toriten, wasu har da alade. Aladen ba ya buƙatar bayani. Kazar kuwa, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida abincin Ahlul Kitabi ta halatta, kuma mafi yawan mutanen Jafan ba Yahudu ba ne ba Nasara ba. Sai dai in gidan yana da shaidar cewa yankan halal ne.

MAS'ALA TA BIYU: ROMON

Nan ne gizo yake saƙa. Romon tare ana haɗa shi ne da ruwan dashi, wato tafasasshen ganyen teku da busasshen kifi, da shoyu, da sukari, da MIRIN, wani lokaci a ƙara da SAKE.

Sake giyar shinkafa ce, sinadarin maye a cikinta ya kai wajen kashi 15 cikin 100. Ba wanda yake jayayya a kanta. Mirin ne mutane suke ruɗuwa da shi, domin a kantin kayan miya ake ganinsa, kuma yana da zaƙi kamar ruwan zuma. Amma mirin na asali, wanda suke kira hon-mirin, ana yin sa ne da shinkafa mai danƙo da ƙwayar tsimi ta koji da barasa, kuma sinadarin maye a cikinsa wajen kashi 14 cikin 100 ne. Dokar harajin giya ta Jafan kanta a cikin giya ta lissafa shi. A zamanin Edo sha ake yi, har yau ma akan sa shi a abin shan bikin sabuwar shekara. Kun ga ya ninka giyar kwalba da aka sani wajen sau uku a ƙarfi.

Wani zai ce: Malam, ai ba daga inabi aka yi ba. Amsa ita ce shari'a ba ta rataya hukuncin ga inabi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Musa al-Ash'ari ya tambayi Annabi (SAW) game da abubuwan sha biyu na Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na sha'ir, sai ya ba shi ƙa'ida guda: abin lura shi ne sa maye. Haka Sayyidina Umar ya bayyana a kan mumbari cewa giya ita ce abin da ya lulluɓe hankali. To shinkafa ba ta fita daga wannan ba.

Wani kuma zai ce: ai wuta ta ƙone shi. Gaskiya ne masu girkin Jafan suna tafasa mirin don su kore barasar, aikin ma yana da suna a wurinsu, nikiri. Amma abu biyu. Na farko, tafasa ba ta kore ta gaba ɗaya kamar yadda ake zato. A jadawalin da Ma'aikatar Noma ta Amurka take amfani da shi, abincin da aka zuba wa giya aka dafa minti 15 yana riƙe da wajen kashi 40 cikin 100 na barasar, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kashi 5. Adadin yana canzawa gwargwadon tukunya da wuta, amma dai ba ka da tabbacin cewa ta tafi. Na biyu, wanda shi ne mafi muhimmanci, malaman fiƙihu ba sinadari kaɗai suke dubawa ba.

Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa giya najasa ce. Malaman Malikiyya kuma, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun ce abinci mai ruwa-ruwa yana najastuwa da najasa komai ƙanƙantarta, kuma man da ya cakuɗa da najasa ko naman da aka dafa da ita ba ya tsarkakuwa. A kan wannan, romon da aka dafa da mirin ba a cin sa, ko da barasar ta tashi.

Akwai malaman da suka ce giya haram ce amma ba najasa ba ce a zatinta. An ruwaito wannan daga Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu bin Sa'ad, da Muzani, kuma daga baya Shaukani da Ibn Usaimin suka zaɓe shi. Masu wannan ra'ayi alama suke dubawa: in ɗigon giya ya faɗa cikin abu mai yawa ya ɓace, ba ɗanɗano, ba launi, ba wari, to ba shi da hukunci. Wannan shi ake kira istihlaki. Kuma hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya haramta kaɗan daga abin da mai yawansa ke sa maye, sun fassara shi da cewa a kan abin shan kansa yake magana, ba a kan abin da ya narke ya ɓace a cikin wani abu ba.

Amma ku lura da kyau. Mirin a romon tendon ba ɗigo ba ne da ya faɗa bisa kuskure. Rukuni ne na romon, sau da yawa ma'auninsa daidai yake da na shoyu ko ya fi. Don ɗanɗanonsa da sheƙinsa aka zuba shi, kuma su ne kake ji a harshenka. Abin da aka sa don a ji shi, yaya za a ce ya ɓace? Shi ya sa taron fiƙihu da likitanci da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta yi a Kuwait a 1995 ya bambance abu biyu: ya yi rangwame a kan ɗan sinadarin alkohol da ake narkar da kayan launi ko na adana abinci da shi, amma ya hana abincin da aka zuba wa giya ita kanta, komai ƙanƙantarta. Majalisar Malaman Indonesiya ma ba ta ba da shaidar halal ga abincin da aka girka da mirin ko sake.

Ɗalibin ilimi zai iya kawo wani ishkali mai kyau. Akwai sake na girki, ryorishu, wanda ake zuba wa gishiri har ba ya shayuwa. Shin wannan bai yi kama da "murri" ba? Murri wani kayan ɗanɗano ne na mutanen Sham: a zuba kifi da gishiri a cikin giya a shanya a rana. Bukhari ya ambata daga Abu Darda'i cewa yana ganin kifin da ranar sun kashe giyar. Amsa: abin da Abu Darda'i ya dogara da shi shi ne giyar ta canza ta zama wani abu daban, wato istihala, kamar yadda take komawa khal. Ryorishu kuwa bai canza ba, barasarsa tana nan da ƙarfinta, gishiri kawai aka ƙara don a fitar da shi daga harajin giya. Ƙiyasin bai yi ba. Shi murrin ma an ruwaito cewa Imam Malik bai ga a ci shi ba.

Abin da ya rinjaya a wurina: romon da aka yi da hon-mirin ko sake a bar shi. Babu larura a nan, domin a gidan guda za ka sami mafita, kamar yadda za mu gani. Akwai kuma kwaikwayon mirin, mirin-fu, wanda ruwan sukari ne da kayan ɗanɗano, sinadarin maye a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ba abin sha ne mai sa maye ba, hukuncinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

MAS'ALA TA UKU: SHOYU

A nan kuma wasu 'yan uwa suke wuce gona da iri. Shoyu ruwa ne da ake samu daga tsima waken suya da alkama da gishiri na tsawon watanni. A wajen tsimin wani ɗan alkohol yana samuwa da kansa, wajen kashi 2 cikin 100. Da jin haka sai wani ya ce shoyu giya ne. A'a. Ba kowane abu mai sinadarin alkohol ba ne giya. Ƙullun burodi in ya tashi yana samar da shi, cikakken ɗan itace ma haka. Giya ita ce abin sha mai gusar da hankali. Shoyu ba don maye aka yi shi ba, bai taɓa zama abin sha mai sa maye ba a kowane mataki, kuma gishirin da ke cikinsa zai kwantar da mutum a asibiti tun kafin ya ji wani maye. Asali a abinci halacci ne har sai dalili ya zo. Wanda ya sami shoyu mai tambarin halal, wanda ba a ƙara masa alkohol ba, ya zaɓe shi ya fi, fita daga saɓani abin so ne. Amma kada ya haramta wa mutane na gama-gari. Haka maganar take a kan miso.

MAS'ALA TA HUƊU: MAN SUYA

Gidajen da tempura kaɗai suke yi da man tsirrai suke suya, kamar na riɗi ko na angurya. Inda ake jin tsoro shi ne gidan cin abinci na gama-gari, mai sayar da komai da komai, inda za a soya tonkatsu, wato naman alade, a kasko ɗaya da jatan landenka. In ka tabbatar da haka, to man ya najastu. Hadisin Maimuna a Bukhari, game da ɓeran da ya mutu a cikin man shanu, shi ne asalin da malamai suka gina babin a kansa: in man daskararre ne a cire wurin, in kuwa narkakke ne jamhur sun ce duka ya tafi.

Kwano da tsinken cin abinci kuwa ba matsala. Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi (SAW) game da kwanukan mutanen da ba Musulmi ba, sai ya shiryar da shi cewa in bai sami wasu ba ya wanke ya ci a ciki. Kwanon gidan abinci wankakke yake zuwa. Ci da tsinke biyu ma al'ada ce, ba ibada ba, ka dai riƙe da hannun dama ka yi bisimilla.

TO YAYA ZAN YI IN NA ZAUNA?

1. Zaɓi gidan da tempura ce sana'arsu, ka duba jerin abincinsu ko akwai alade. Harafinsa shi ne 豚.

2. Tambayi mirin da sunansa. Da yawa daga cikinsu ba sa ɗaukar mirin a matsayin giya, in ka ce "akwai giya?" za a ce maka babu, kuma ba ƙarya aka yi maka da gangan ba. Ka ce: "Mirin ya osake wa haitte imasu ka?" A rubuce mirin shi ne みりん, sake kuwa 酒. Takardar da suke nuna wa masu alaji takan ambaci alade, amma ba ta ambatar giya.

3. Nemi a kawo ba romo: "Tare nashi de onegaishimasu." Ka faɗa tun kafin a soya, domin a salon Edo tsoma suyar ake yi gaba ɗaya a cikin romon, ba abin da za ka kankare.

4. Nemi gishiri: "Shio de onegaishimasu." Cin tempura da gishiri ba baƙon abu ba ne a wurinsu, a manyan gidaje ma haka masana suke ci. Ko ka nemi teishoku, inda shinkafa daban, suya daban. Romon tsomawa da ke zuwa da shi, tentsuyu, shi ma da mirin ake yi, sai ka bar shi a gefe.

5. A Tokiyo da Osaka da Kiyoto akwai gidajen tempura masu shaidar halal. Jafan ba ta da hukumar halal guda ta gwamnati, ƙungiyoyi ne daban-daban suke bayarwa, kuma kalmar da suke rubutawa mai nufin "muna maraba da Musulmi" ba daidai take da shaidar halal ba. Jama'ar masallatai, irin su Tokyo Camii da masallacin Kobe da aka buɗe tun 1935, sun fi kowa sanin gidajen da za a amince da su.

TSAKANIN WASWASI DA SAKACI

Wani zai kawo hadisin Nana A'isha a Bukhari, inda aka ce wa Annabi (SAW) ana kawo musu nama ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah, sai ya umarce su su ambata da kansu su ci. Ya ce: kun ga ba a son tambaya. Amma waɗancan masu kawo naman Musulmi ne sababbin shiga, asali a yankansu inganci ne. A inda galibin hali ya nuna akwai haram, kamar mirin a romon tendon, tambaya ita ce daidai. Inda kuwa galibi tsarki ne, kamar shinkafa da fulawa da wankakken kwano, bin diddigi waswasi ne. Ka yi tambaya biyu, romo da mai, in an amsa maka ka karɓa. Maganar wanda ba Musulmi ba a kan abin da ya girka da hannunsa karɓaɓɓiya ce matuƙar ba ka ga alamar ƙarya ba.

In malaminka na jami'a ko abokin cinikinka ne ya gayyace ka, sanar da shi tun kafin ranar, cikin ladabi. Mutane ne masu girmama baƙo, kuma sun fi jin nauyin a ture abinci a gabansu fiye da a gaya musu tun da wuri. Kada ka yamutsa fuska, kada ka aibata abincin mutane. Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Wanda ya riga ya ci a baya bai sani ba, babu laifi a kansa, ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara da aya ta 5 ta Suratul Ahzab sun ɗauke wa mai kuskure zunubi. Ba kaffara, ba ramuwar salla. Wanda kuma ya bi fatawar malamin da ya amince da iliminsa, mai ganin rangwame in barasar ta tashi gaba ɗaya, a yi masa bayani da hujja, kada a fasiƙantar da shi. Amma wanda ya sani, ya ga gishiri a gabansa, ya zaɓi romon don daɗin baki kawai, ya tuna da hadisin matafiyin nan da Muslim ya ruwaito, wanda ya ɗaga hannu yana roƙon Allah alhali cinsa da shansa haram ne. Matafiyi addu'arsa abar karɓa ce, kada cokali biyu na romo su shiga tsakaninsa da ita.

Allah ya ciyar da mu halal mai albarka, ya tsare 'yan uwanmu da ke baƙunta a ko'ina suke. Wallahu a'alam.